Tagar Ɗakin Guga

Ɗakin wanki da guga na otal ɗin a ƙasa yake, can ƙarƙashin kicin, sai an sauka matakala ake kaiwa gare shi. Wanda bai taɓa shiga ba, zafi ne zai fara yi masa sannu da zuwa tun daga bakin ƙofa, sannan warin bilic ya biyo baya. Injinan wanki na ruri a jere, na busarwa suna kusurwa, ga dogon teburin guga a tsakiya inda mata ke tsaye tun safe har la'asar, tururi na dukan fuskarsu. Zannuwan gado, rigunan filo, tawul, mayafan teburin cin abinci, duk nan suke gangarowa a keken turawa, su koma sama fes, kamar ba hannun mutum ne ya wahala a kansu ba.

Taga ɗaya ce a ɗakin, doguwa, can sama dab da rufi, daidai da ƙafafun masu wucewa ta bayan otal. A da ana buɗe ta. Sai aka kama wani ma'aikaci yana miƙa wa abokinsa tawul ta nan, Manaja ya kira mai walda ya liƙe ta da ƙarfe. Ɓarawon ya daɗe da kama gabansa, hukuncin ya zauna a kan waɗanda ko hankici ba su ɗauka ba. Fankar da ke zuƙe tururi kuwa ta riga tagar mutuwa, gizo-gizo har ya yi jikoki a cikinta.

A wannan ɗaki Yaya take aiki. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, domin tun da ƙanwarta Auta ta fara aiki a wurin tana kiranta haka, sunan ya bi bakin mutane. Mace ce mai jiki, mai murya, irin muryar da in ta yi sallama a ƙasan bene sai na sama ya amsa. Kuma Allah ya yi ta ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ita ta yi ta magana har aka ba masu bilic safar hannu. Ita ta sa aka karɓo makullin banɗakin mata daga aljihun maigadi, da can sai mace ta je ta roƙe shi a gaban direbobi. Ita ta samo wa wata mai tsohon ciki kujera. Har kyanwar kicin da aka so a jefar, Yaya ce ta tsaya mata.

Tana da salonta. Ba ta zuwa ofis sau ɗaya ta dawo ta zauna jiran amsa. Sai ta gaya wa masu girki, ta gaya wa masu gyaran ɗakuna, ta tare direbobi a inuwar da suke hutawa, ta ci gaba da zancen a tashar mota da waɗanda ba su ma san otal ɗin ba, har maganar ta riƙa shigo wa Manaja ta kowace ƙofa. In ya gaji, sai ya yi.

Auta kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Siririya ce, maganarta ƙasa-ƙasa, hannunta da sauri. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, kuma aikin nan shi ne rufin asirinta, ba ta da wani. Sai dai tana da ciwon asma tun ƙuruciya. Ranar da aka ɗauke ta ba wanda ya tambaya, ita ma ba ta faɗa ba, don kowa a otal ɗin ya san labarin wani mai wanke-wanke da ya yi tari ya daɗe, aka ce ya je ya huta har ya warke. Yana can yana hutawa har yau, wani ne a gurbinsa.

Matan ɗakin guga sun san halin da take ciki, sun kuma yi wa abin dabara. Akwai wata dattijuwa da ake ce wa Inna Mai Sitati, kunnenta ya fi na kowa. Da ta ji numfashin Auta ya fara fito, ko ɗaga kai ba ta yi, sai ta ce, “Auta, je ki duba mana rigunan filo a sito.” Siton yana da ɗan sanyi, yana kuma da ƙofa. Auta ta shiga, ta ciro abin shaƙarta daga aljihun riga, ta shaƙa, ta jingina da tulin zannuwa har ƙirjin ya saki, sannan ta fito da rigunan filo a hannu don kada a ce komai. Sauran su raba aikinta a tsakaninsu ba tare da an yi magana ba. Haka aka daɗe ana yi.

Wata rana otal ya cika maƙil, ana wani babban taro, duk injinan busarwa suna aiki a lokaci ɗaya. Aka aika Auta sito, shiru ba ta fito ba. Yaya ta bi ta. Ta same ta zaune a ƙasa, leɓɓanta sun yi duhu, abin shaƙar ya gangara ƙarƙashin kanta tana miƙa hannu ba ta kai ba. Yaya ta ɗauko ta sa mata a baki, sannan ta ciccibe ta kamar yarinya ta haye matakala da ita zuwa ƙofar baya inda ake ajiye kwandunan shara. Can suka zauna a kan dakali har iska ta dawo mata.

Abin da Auta ta fara faɗa da bakinta ya buɗe ba godiya ba ce. Ta riƙe hannun yayarta ta ce, “Na san ki, Yaya. Ki yi maganar taga in za ki yi. Kada ki yi maganata.”

Yaya ta yi alkawari. Har rantsuwa sai da Auta ta sa ta.

Washegari ta fara. Manajan mutum ne mai laushin baki, bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ofishinsa sanyi ƙalau, har kwat yake sawa a ciki. Ya saurare ta, ya gyaɗa kai, ya ce taga maganar tsaro ce, fanka kuma maganar hedkwata ce, amma za a duba. Ta je wurin mai gyaran otal, ya ce shi a ba shi izini kawai, yanzu ya yanke ƙarfen. Ta koma ofis, aka ce Manaja ya fita. Ta sake komawa, aka ce yana da baƙi. Da ta kama shi a bakin mota, ya ce ai bai manta ba, za a duba. Wannan “za a duba” ta sha ta har ta ƙoshi.

Sai ta koma kan salonta. Kicin, direbobi, masu gyaran ɗakuna, tashar mota. Amma wannan karon abin bai kama ba. Safar hannu kowa ya ga hannun da bilic ya ci. Makullin banɗaki kowa ya ga abin kunyar. Taga kuwa, mutane sai su ce ai ɗakin guga dama da zafi aka san shi, kicin ma ba aljanna ba ce. Abin da zai sa su tsaya su saurara yana bakinta, amma ta rantse ba za ta faɗa ba. Sai ta riƙa kewaye-kewaye, tana cewa tururi ba shi da kyau ga ɗan Adam, bilic yana cin ƙirji a hankali. Babban kuku ya ce mata, “Yaya, tagar nan taki har mafarkinta na fara yi. Jiya na ga ta buɗe, na faɗa ciki.” Direbobi kuwa da sun hango ta sai kowa ya tuna motarsa na bukatar a duba mata mai.

Ana cikin haka wata baƙuwa ta zo daga hedkwatar kamfanin da ke da otal ɗin, tana zagaya rassa tana duba yadda ake aiki. Turanci kawai take ji, don haka Akawun otal ne ke biye da ita yana fassara in an yi Hausa. Manaja da kansa ya sauko da ita ɗakin guga, abin da ya daɗe bai yi ba. Kafin su kai tsakiyar ɗaki gumi ya jiƙa masa kwala. Yaya ta ajiye dutsen guga ta matso. Manaja ya riga ta, ya nuna ta da hannu yana murmushi, ya yi wa baƙuwar wata magana da Turanci, har da ɗan kaɗa yatsu a iska. Baƙuwar ta yi murmushi ita ma, ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta yi tambaya ɗaya, Manaja ya amsa, suka haye.

Yaya ba ta iya haƙuri ba. Da aka tashi cin abinci ta tare Akawu a matakala, ta ce sai ya gaya mata abin da aka faɗa a kanta. Akawun mutum ne mai son a tambaye shi Turanci, sai ya gyara tabarau ya jingina da bango. Ya ce Manaja wata magana ya yi irin ta Turawa. Su idan mutum ya ɗauki wani lamari ya sa a gaba, yana yayata shi a bainar jama'a don a mara masa baya, sai su ce yana buga wa lamarin ganga. Ba kansa yake yi wa ba, in ji Akawu, mai yabon kansa wata maganar daban suke yi masa. Wannan ta mai tsaya wa wani abu ce, kamar gina asibiti ko hana zalunci.

“To ashe yabona ya yi,” in ji Yaya.

Akawu ya sosa ƙeya. Ya ce yabo ne in wanda ya faɗa yana tare da kai, ko in a jarida aka rubuta. Amma in aka ce kullum mutum yana bugawa, aka kuma haɗa da irin wancan murmushin, to ana nufin kunnuwa sun gaji, a bar shi ya yi ta yi.

“Ya ce kullum?”

“Ya ce kullum, Yaya.”

Sannan ta tambayi abin da baƙuwar ta tambaya. Akawu ya ce cewa ta yi ko akwai wanda zafin ɗakin ya taɓa kwantarwa. Manaja ya ce babu ko ɗaya. Ita kuma ta ce in haka ne, sai a sa shi a layin sauran gyare-gyare, in an zo kansa a yi. Yaya ta san wannan layin. Fankar ma a cikinsa ta tsufa. Akawu ya ƙara da cewa kafin baƙuwar ta tafi za ta zauna da duk ma'aikata, mai magana ya yi.

Da yamma Yaya ba ta wuce gida ba, ta bi Auta ɗakinta. Ta same ta tana goge wa yara kayan makaranta a kan tabarma, bayan ta wuni tana goge na mutanen da ba ta sani ba. Yaya ta zauna a bakin gado ta kwashe komai ta gaya mata. Ta ce magana ɗaya ce ta rage tsakaninsu da tagar nan, kuma maganar tana hannun Auta. Matar nan da alama tana da tausayi. In ta ji akwai mai asma a ɗakin, gobe-gobe za a kira mai walda.

Auta ba ta ɗago ba. Ta juya rigar yaron ta goge ɗaya hannun.

“Ba taga za su buɗe ba, Yaya. Ƙofa za su buɗe min.”

“Ina raye?”

“Kina raye aka sallami mai wanke-wanke.”

Yaya ta ce wancan ba wanda ya tsaya masa ne. Auta ta ce ita ba ta son a tsaya mata, so take a bar ta ta tsaya a teburinta. Yaya ta tuna mata leɓɓanta ranar sito, ta ce in wata rana ba kowa kusa fa, yaran nan wa za ta bar wa? Auta ta ce in aka kore ta ma wa zai ciyar da su, da baki za a dafa musu? Suka yi ta yi ƙasa-ƙasa saboda yaran na tsakar gida. Daga ƙarshe Yaya ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai ciwo yana gadin ciwonsa kamar dukiya ba. Auta ta ce, “Kin dai rantse.”

Aka yi taron a babban ɗakin cin abinci. Matan guga suka zauna a kan kujerun da suka sha goge wa riguna amma ba su taɓa zama a kai ba, kowace a ɗofane. Masu girki suka yi maganar tukwane, direbobi suka yi maganar tayoyi. Da Yaya ta miƙe, wani daga baya ya ɗan kaɗa yatsu a kan tebur, domin Akawu bai iya riƙe bayaninsa ba, ya bi otal da shi. Aka yi dariya. Yaya ta daure ta yi maganarta, Akawu na juyawa. Ta faɗi tururi, ta faɗi bilic, ta faɗi ɓarawon da ya tafi ya bar su da hukunci. Baƙuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta maimaita tambayarta ta ranar nan: akwai wanda ɗakin ya cutar?

Matan guga suka sunkuyar da kai. Inna Mai Sitati ta kama gyaran ɗankwali. Auta na kallon farcenta. Manaja ya buɗe tafin hannu, irin na wanda gaskiya ta fito masa. Yaya na tsaye, tana ganin taga na kuɓuce mata a karo na ƙarshe, ga sunan ƙanwarta a kan harshenta kamar garwashi. Ba ta faɗe shi ba, wannan kam a ba ta. Sai wata dabara ta faɗo mata, kuma kun san dabarar da ta zo wa mutum yana tsaye a gaban jama'a ba ta cika zuwa da hankalinta ba.

Ta dafa ƙirji ta ce, “Ni ce. Asma gare ni.”

Sai babban kuku ya ce, “Wace asmar? Wadda in kin yi tari ake ji a hawa na uku?” Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Yaya ta ƙaƙalo tari don ta tabbatar, tarin ya fito da ƙarfi kamar an tayar da babur, aka ƙara fashewa. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Auta da baƙuwar. Baƙuwar ta jira aka lafa, ta yi magana a natse tana duban Manaja. Akawu ya juya maganar zuwa Hausa. Cewa ta yi wannan ba abin dariya ba ne. Za a turo likitan kamfani ya duba ƙirjin duk wanda ke aiki a ɗakin guga, ba a bar kowa ba.

Daga nan Yaya ta shiga wani aikin da ba ta taɓa yi ba, wato ƙoƙarin kashe maganar da ita ta hura. Ta je wa Akawu ta ce ya gaya wa matar wasa take yi. Ya ce ta riga ta hau jirgi. Ta je wa Manaja ta ce ta samu sauƙi, wani magani aka ba ta, ba sai an wahalar da likita ba. Manaja ya yi mata murmushinsa mai laushi ya ce ai ba a wasa da lafiyar ma'aikata, ba ita ta nema ba? A karon farko ya cika alkawari a kan lokaci. Ta ce wa Auta ta ƙi zuwa ranar, ta ce yaro ba lafiya. Auta ba ta ko dube ta ba. Inna Mai Sitati ce ta amsa, ta ce an riga an faɗa, wanda bai zo ba zai bi likitan har asibitinsa.

Likitan ya zo, ya zauna a siton nan dai na rigunan filo, don nan ne kawai mutum zai iya zama a ƙasan. Kowa ya shiga sai ya sa masa abin sauraro a ƙirji da baya, sannan ya ba shi wani bututu ya hura. Yaya ta so ta hura a hankali, amma jikinta bai san a hankali ba. Likitan ya dubi abin, ya dube ta, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ta turo ta gaba. Auta ta shiga. Ta daɗe. Da ta fito ta koma teburinta ta ƙarasa zanen da ta bari, ta ninke shi kusurwa da kusurwa.

Kafin mako ya fita aka kira ta ofis. Aka ce don lafiyarta, ta je ta huta har ta warke. Asma kuwa kowa ya san ba a warkewa daga ita, lallaɓa ta ake yi.

A makon ne kuma mai walda ya zo. Likitan ashe da ya fito daga siton rigarsa sharkaf, ya gaya wa hedkwata cewa ko dabba ba a ajiyewa a ɗakin nan. Aka yanke ƙarfen, aka sa raga saboda ɓarayin tawul, aka kawo sabuwar fanka. Iska ta shigo, har gefen zannuwa na motsi. Matan suka riƙa tsayawa a ƙarƙashin tagar suna ɗaga haɓa. Masu girki suka sauko kallo, babban kuku ya ce to Yaya, an gaishe ki, kin yi. Duk wanda ya yi mata barka ji take kamar ya watsa mata ruwan zafi. Wurin Auta a tebur wata sabuwar yarinya ce a tsaye, tana shan iskar, ba ta ma san da wa aka saye ta ba.

Yaya ta je ɗakin Auta ta tarar da ƙofa a rufe. Ta koma, yara suka ce Umma na barci, da rana tsaka. A zuwa na gaba ba ta yi sallama ba sai da ta riga ta shiga. Ta zo da shiri cike da baki. Za ta je ƙungiyar ma'aikata. Akwai wani direba da ƙaninsa ke aiki a gidan rediyo. Za ta tara matan guga su ajiye aiki, za ta sa Akawu ya nemo mata matar hedkwata a waya. Sai duk garin nan ya ji abin da aka yi wa baiwar Allah mai marayu biyu.

Auta ta bar ta ta gama, sannan ta ce, “Sai duk gari ya ji ina da asma, ko? Daga nan wa zai ɗauke ni ko shara?”

Yaya ta zauna a bakin gado.

“Tun ina goye kike magana a madadina, Yaya. A makaranta ke, wurin dangin mijina ke. Ban ce ba ki so na ba. Amma garin neman gira kin ga inda ido ya tafi.” Ta ja numfashi, ya ɗan yi fito. “Gobe zan je wurin Manaja da kaina. Ki raka ni in kina so. A benci za ki zauna.”

Bencin yana bakin ofis, a wani ɗan lungu mai tukunyar fulawar roba. Yaya ta zauna da jaka a cinya. Ƙofar mai kauri ce, ba ta jin komai sai gunjin na'urar sanyi, can kuma wata 'yar murya da ta san ta Auta ce, tana tafiya a hankali tana tsayawa. Duk tsayawar da ta yi sai Yaya ta ji kalmomin da ya kamata a faɗa suna taho mata har maƙogwaro. Ki ce masa tagar a buɗe take yanzu. Ki ce masa ba ki taɓa fashi ba. Ki ce masa hannunki ya fi na mutum biyu. Ta miƙe, ta zauna. Ta sake miƙewa har ta kama mariƙin ƙofa, Akawu da ke wucewa ya dube ta ta saman tabarau, ta saki ta koma. Ta ciro ganyen fulawar robar ɗaya tana murzawa har ya rabu biyu.

Da Auta ta fito fuskarta ba yabo ba fallasa. Sai da suka sauka suka kama hanyar ƙofar baya sannan ta faɗa. Gurbinta ya tafi, an ba yarinyar. Amma ranakun da otal ya cika za a riƙa kiranta, ta tsaya a teburin ninki, wanda ke ƙarƙashin tagar, ba guga ba bilic. In likita ya sake dubawa nan gaba ya ga ba laifi, to za a duba.

“Za a duba?” Yaya ta ja birki. “Shi ya ce miki za a duba? Kuma kika fito?”

Ta juya za ta koma. Auta ta kama gefen mayafinta, ba da ƙarfi ba.

“Rabin aiki ne, na sani. Amma ni na samo shi. Ki bar min.”

Yaya ta tsaya tana huci, idonta ya kawo ruwa, na fushi ne ko na wani abu ita ma ba ta sani ba. Suka ci gaba da tafiya. A bakin ƙofa maigadi ya taso daga kujerarsa, direbobi biyu suka matso, domin duk otal an san 'yan'uwan sun shiga ofis, kuma an san daga bakin wa ake samun labari. Maigadin ya ce, “Yaya, yaya aka ƙare da mutumin naku?”

Yaya ta cika ƙirji da iska. Auta ta gyara jakarta a kafaɗa tana duban titi.

“Lafiya lau,” in ji Yaya.

Maigadin ya jira sauran. Direbobin ma suka jira. Yaya ta wuce su da sauri kamar mai tsoron bakinta, har Auta sai da ta ɗan ɗaga ƙafa kafin ta kamo ta a hanyar tasha.